Kuɗin Man Gwaggo

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya fama da kwalaben jinin jama'a a ɗakin awonku. Mu nan lafiya lau. Baba yana gaishe ki. Sugansa ya sauka, likita ma ya yaba a zuwanmu na ƙarshe. Idon ne dai sai haƙuri, yanzu ko hasken ƙofa da ƙyar yake rarrabewa. Kunnen kuwa kin san shi. Shi ya sa na koma wa takarda. Duk maganar da na yi miki a waya, ko banɗaki na shige na yi raɗa, ina fitowa zai ce, "Me kuke ƙullawa ke da yayarki?"

Labarin da ke akwai na Gwaggo ne. Motar gidanmu nake nufi, kada ki ce mun yi baƙuwa. Kin tuna yadda kika bar ta: ga tari, ga hayaƙi, kai Baba asibiti sau ɗaya a mako sai ta lashe mai kamar tankinta ya huje. Wata Asabar ina shirin kai ta gareji, Baba ya ce in fito masa da kujerar roba tsakar gida in tayar da injin. Ya zauna, ya karkata kai, can ya ce, "Wannan ba ciwo ba ne, sakaci ne. Ni na rasa ido, ke kina da biyu ba ki san amfaninsu ba. Ara min."

Tun daga ranar kowace Asabar da safe muna gaban Gwaggo. Ni in buɗe bonet, shi ya ba da umarni kamar yana tasha a zamanin da yake jan motar haya. In zaro sandar awon baƙin mai, in goge, in mayar, in sake zarowa, ya murza man tsakanin yatsunsa ya shinshina. Filtar iska da na ciro, Yaya, har da busasshen ganye da fiffiken ƙwaro a ciki. Ya ce injin da bai samu iska ba da mai yake ramawa. Tayoyi duk sun yi laushi ban sani ba, wai tuƙi a haka daidai yake da gudu cikin yashi. Sannan ya sa na kwashe kayan da ke cikin but ɗin baya. Tsohon batir, ragowar tayil na gyaran kicin, jarkoki, har keken ɗinkin marigayiya Mama da ya lalace, ashe duk muna yawo da su zuwa asibiti muna biya musu kuɗin mota.

Ƙafata ma ba ta tsira ba. Yana gefena a hanya zai ce, "Auta, totur ne, ba kunama kike takewa ba." Yanzu a hankali nake tashi, kuma tun daga nesa nake sassautawa in na hango danja.

Wallahi Gwaggo ta zama wata. Man da a da ba ya kai mu mako, yanzu har mu je mu dawo mu sake komawa allurar ba ta kwanta ba. Don haka Baba ya ce in gaya miki ki rage kuɗin man da kike aikowa. Ba ma buƙatarsu kamar da.

Ki riƙa cin abinci.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Lafiyata ƙalau, in ban da ƙafa da ke kumbura saboda tsayuwa, amma ba komai, tunda ba a tambaya ba. Na ji daɗin saukar sugan Baba, ki gaishe shi da kyau.

Na karanta wasiƙar tun daga sama har ƙasa. Yanzu na san lafiyar kowace taya a gidanmu. Ina taya Gwaggo murna, ina taya sabuwar bakanikiya murna.

Sai dai bari in tuna miki wani abu, tunda ke ba ki da wayo a lokacin. Kafin ki iya zama ni ce mai riƙe wa Baba tocila a ƙarƙashin mota. Ni ya laƙaba wa Kwandasta, har 'yan tasha suka ɗauka. Na san sifana mai lamba goma tun ban san baƙi da wasali ba. Wannan murza man da shinshinawa da kike ba ni labari kamar sabon abu, a hancina yake gogawa in yi ta kuka yana dariya. Ba gori nake miki ba, don dai kada ki zaci da ke aka fara.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan: ke yana da bakin yi miki bayanin filta tun safe har rana ta take, ni kuwa fa? Ina tashi daga aiki nake shiga mota, in tayar, in kunna esi, in kira shi tun ban bar harabar asibiti ba, don nan ne kaɗai babu mai ƙwala min kira. Daga "Lafiya lau, ya aiki" sai shiru. In ce, "Baba, kana ji na?" Ya ce, "Ina ji, ɗan dakata." In dakata me? Haka zan zauna ina kallon masu gadi ina sauraron numfashinsa, can ya ce Allah ya yi albarka, shi ke nan. Na ɗauka tsufa ne. Ashe magana tana nan, Asabar ake ajiye wa.

Batun kuɗin mai kuma, ba zan rage ba. Ba na kai shi asibiti, ba na ɗiga masa magani a ido, ba na wanke masa kaya. Abu ɗaya nake yi a gidan nan, shi ne in Gwaggo ta motsa da guminta na motsa. Shi ne kuka zauna ke da shi kuka ƙanƙance. In sun yi muku yawa ku zuba a kwata.

Tawa motar ma tana shan mai sosai kwanan nan, amma haka motocin zamani suke, ban kai ƙara wurin kowa ba.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ya ƙafar? Kin ga na tambaya. Ki riƙa ɗora ta a kan filo in kin dawo, kuma ki daina sa wancan takalmin mai tsini da kike ji da shi. Baba lafiya, sai ɗan mura da ya riga ya wuce.

Ni ban ce da ni aka fara ba. Na san ke ce Kwandasta, wa ya isa ya manta a gidan nan? Kuɗin kuma ba mu zuba a kwata ba, ragowar na nan a ajiye ba a taɓa ba.

Mun kai Gwaggo juyen baƙin mai. Baba ya ce ƙafarsa ƙafata. Ya zauna a kan benci a gareji suna ta tsohuwar hira da bakanike, amma kunnensa na kan mota. Da aka zo rufewa ya ce a canza filtar man ma, wai zuba sabon mai ta tsohuwar filta kamar yin wanka ne a mayar da kaya masu dauɗa. Bakanike ya ce da kowa zai riƙa zuwa a kan lokaci haka, da shi sai ya koma sayar da lemo, don manyan gyare-gyaren da yake ci da su duk daga ƙananan da aka ƙyale suke fitowa.

Ga wani abin da na tabbata ko ke ba a koya miki ba. Muna dawowa daga asibiti ya ce in zagaya in kai bayan hannuna kusa da kowace ƙafar mota. Uku da ɗumi kawai, ta baya ta hagu kuwa zafi rau. Ashe birkinta ba ya saki duka, muna tafiya ne kamar ana janye mana riga ta baya. Da aka gyara har gangara Gwaggo take da kanta.

A ranar ya ciro makullin akwatin kayan aikinsa daga wuyansa, da igiyar da komai, ya rataya min. Gejin awon iskar tayan nan nasa na tagulla, wanda ba ya bari ko kallo a yi, ya ce nawa ne. A asibiti kuma da likita ya tambaya ko ni ce 'yar da ke aikin awon jini, ya ce, "A'a, wannan ita ce idona, ita ce direbata." Na ji kunya, amma ba zan yi miki ƙarya ba, na ji daɗi.

Auta

*

Yaya,

Gaisuwa. Muna lafiya, Allah ya sa ke ma haka. Shiru ya yi yawa. Direban da ke kawo min takardunki har ya fara sunkuyar da kai in ya hango ni a tasha, kamar shi ya yi laifi. Kuɗin mai sun shigo a kan lokaci, har da ƙari, amma babu ko layi ɗaya.

Kiran ma kin rage. Wanda kika yi na ƙarshe ko zama Baba bai gama gyarawa ba kika ce ana nemanki. Ya daɗe da wayar a hannu bayan kin kashe. In wani abu na rubuta da ya ɓata miki rai, ki faɗa min kai tsaye, kin san ba na gane hannunka mai sanda.

Auta

*

Auta,

Amin wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ki gaishe da Baba, ki ce ina nan tafe in an ba ni hutu.

Kin ce in faɗa kai tsaye, to ga shi. Kishi nake yi. Da girmana, da aikina, ina kishin ƙanwar da na goya. Na karanta "idona, direbata" a ɗakin hutu, na miƙe na shiga wurin firjin ajiye jini na tsaya kamar ina neman wani abu, don kada a ga fuskata. Ke ce ido, ke ce direba. Ni kuma gidan mai ce, gidan man ma an ce a rufe rabi. Gejin nan ina 'yar ƙarama na taɓa ɗauka na hura, sai da na sha rankwashi. Na daɗe ina zaton in ya tashi bayarwa ni zai tuna.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Na yi tunani a kan Gwaggo da idon basira. Motar nan ta girme ki. Yau birki, gobe filta, jibi Allah kaɗai ya sani. Dattijo mai suga, ba ya gani, a ce lafiyarsa ta rataya a kan ƙarfen da ake lallaɓawa kowace Asabar? In ta tsaya muku a tsakiyar hanya cikin rana fa? Ba zan zuba ido ba.

Na yanke shawara. Za a sayar da Gwaggo, in cika in saya muku ƙarama sabuwa wadda ba ta shan mai, kamfani ne zai riƙa duba ta, ba sai kowa ya shiga ƙarƙashinta ba. Ke ma farcenki ya huta, Baba ya samu barcin safe. Na riga na yi magana da wani dillalin motoci a nan, yana da ɗan'uwa a wajenku, zai zo ya gan ta ya yi mata kuɗi. Ki nemo takardunta ki ajiye kusa.

Kada ki ce don haushi na yi. Don lafiyar Baba ne.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama. Ba zan ce muna lafiya ba, don ba ma lafiya. Sugan Baba ya hau, abinci sai na yi da gaske yake taɓawa.

Dillalinki ya riga takardarki isowa. Ranar Asabar ya zo, bonet a buɗe, Baba a kujerarsa, ni ina duba ruwan lagireto. Ya yi sallama, ya zagaya Gwaggo, ya shuri taya, ya ce, "Baba, babbar 'yarka ce ta turo ni. Gaskiya irin wannan sai dai a yanka a sayar da sassa." Baba ya ce, "Ita ta ce a sayar?" Ya ce ita. Sai Baba ya ce, "Auta, ba shi makulli. Wadda ke zuba mata mai ta fi mu iko da ita." Ni na ce wa dillalin ban ga takardun motar ba, ya dawo wani lokaci. Baba ya miƙe da kansa, ya lallaba bango ya shige ɗaki. Tun ranar bai sake fitowa tsakar gida ba. Zuwa asibiti ma ya ce mu hau tasi, wai kada mu ƙara wa kayan mutane tsufa. Kujerar na nan inda ya bar ta.

Kin ce don lafiyarsa kika yi. To ga lafiyar tasa nan.

Yanzu ki saurara, zan gaya miki abin da ya hana ni faɗa. Kin san me yake yi in ya ce ki ɗan dakata? Motarki yake saurare. Kina zaune kin bar inji yana aiki, shi kuma ya manna wayar a kunne har sai ta yi masa shaida a kumatu. Kina kashewa zai juyo ya ce, "Injinta yana ɗingishi. Filogi ɗaya ba ya ba da wuta, man da ke shiga wurin ɗanye yake fita. Ga shi tana ƙona wani a tsaye don ta gaishe ni." Sai ya shiga lissafin tsawon hanyar da kike bi ke kaɗai, da inda babu gidaje, da abin da zai faru in ta mutu miki a can. Ranar da kika kira ba a cikin mota ba, har cewa ya yi yau bai ji lafiyarki ba.

Na ce ya gaya miki mana. Ya ce ya taɓa gwadawa lokacin da kika saye ta, kika ce, "Baba, wannan ba irin taku ba ce, kwamfuta ke duba ta." Ya ce yarinyar da ke ɗauke da gida ba a mayar da ita 'yar riƙon tocila.

Maganar rage kuɗin mai kuwa, ga yadda ya faɗe ta: "Ki ce ta rage, abin da ya ragu ta kai tata motar a duba." Duk wannan kakkaɓe filta da awon taya da ya tsananta, don a samu abin da za a rage miki ne. Rabin farko na rubuta, na cinye na biyun. Kuma da sanina na cinye.

Kin zaci ke kaɗai ke da zuciya? Ni baƙin mai ya ɓata wa farce. Ni ke tashi in gwada masa suga, ni ke jan hannunsa a matakalar asibiti. Amma muna gaban Gwaggo, in ya miƙo hannu yana son in ɗora masa sifana ya shafa ya ji ko ita ce, abin da ke fitowa bakinsa shi ne, "Kwandasta, miƙo." Ba ya ma lura. Ni kuma in miƙa, in haɗiye. Kowace Asabar sai na zama ke. Da na samu magana ɗaya wadda babu sunanki a ƙarshenta, sai na bar ta a haka. Gejin da makullin da na yi ta kaɗa miki, don ki ɗanɗana ne.

Kin ɗanɗana, ga inda ya kai mu. Dillalin ya ce zai dawo. In har yanzu kina so a sayar, ki kira Baba ki faɗa masa da bakinki.

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sassauta masa. Ni kaina ban san ko lafiyata ƙalau ba.

Na kira dillali na ce ya manta hanyar gidanmu. Gwaggo ba ta zuwa ko'ina.

Rabin maganar da kika cinye, ban yafe ba tukuna. Ke ma na san ba ki yafe dillali ba. Mu bar su a ajiye sai mun haɗu, mu yi faɗanmu ido da ido kamar mutane.

Gaskiya ne motar tana karkarwa in na tsaya a danja, har madubi rawa yake. Akwai wata fitila mai ruwan lemo da ta daɗe a kunne a gabana, na liƙa mata hoton Mama don kada ta dame ni. Kada ki gaya masa wannan.

Ki roƙar min shi. Ki ce Kwandasta tana tambaya ko zai duba mata mota ranar Asabar, ta waya. Ba zan iya tambaya da kaina ba, muryata za ta tona ni, kin san kunnensa.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama. Da sauƙi sosai. Na isar da saƙo. Ya ce shi tsohon direba me ya sani a motar kwamfuta. Ya juya fuska bango. Ban kai ƙofa ba ya ce, "Kujerar nan an bar ta a rana, za ta ƙeƙashe, a matsar da ita inuwa." Da yamma ya cinye abincinsa tas, har ya ce gishiri bai ji ba.

Ya ce ki sayi filogi saiti guda irin na motarki da sifanar cire su, da sabuwar filtar iska. Ki ajiye motar a wuri mai shiru, ki sa kayan da ba kya so. Geji kuma ki sayi naki. Na tagulla nawa ne, ba na aro.

Zan kira ki, in sa masa wayar a hannu, in tafi kasuwa. Gwaggo ta haƙura da wannan Asabar ɗin. Ba zan iya tsayawa ina jin yana kiran sunan ga mai shi ba. Kada ki ce komai, na san ba kyau.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baba, ya ƙoƙari? Ƙafata ta saɓe, na bi shawararki na jefar da takalmin. Na jinkirta rubutu don in ga yadda motar za ta yi tukuna.

Tunda kin gudu kasuwa, bari in ba ki labari. A bayan gidan da nake haya na ajiye ta, kusa da igiyar shanya. Na buɗe bonet da ƙyar, don sai da na nemi inda ake ja. Na tayar, na ɗora wayar a gefen inji. Ya ce, "Ɗan dakata." Karon farko da na ji kalmar ban ji haushi ba.

Ya sa na riƙa zare wayar wutar da ke kan kowane filogi ɗaya bayan ɗaya ina mayarwa. Na zare ta farko, inji ya ƙara shaƙewa, ya ce mayar, wannan yana aiki. Ta biyu ma haka. Da na zare ta uku babu abin da ya canza. Ya ce, "Ga malalacin nan. Yana cin abinci ba ya aiki." Muka kashe, muka jira ya huce, yana ba ni labarin wani fasinja da ya taɓa shigo masa da akuya a cikin buhu ya rantse ɗansa ne ba shi da lafiya. Rabon da in ji dariyar Baba haka har na manta.

Filogin da na ciro baƙi ƙirin, a jiƙe, yana warin fetur. Na canza su duka. Filtar iska kuwa ba zan gaya miki abin da na gani ba, don kada ki samu abin gori. Da na sake tayarwa sai na zaci ba ta tashi ba, saboda laushin ƙarar. Daga nan ya kora ni wurin mai faci a daidaita iska, ya ce juyen mai kuma in kai gareji, kada in yi ƙarambani. Fitilar nan ta mutu da kanta bayan 'yan kwanaki, na mayar da hoton Mama cikin jaka. Allurar mai yanzu tafiyar dattawa take. Masu gidan man da ke kan hanyata har sun tambaya ko na yi tafiya.

Kafin mu rabu ya ce, "Daga yau in za ki kira ni, ki kashe injin, ki sauke gilashi. Na gama jin ta, ke nake son ji." Sai da na zauna a kan dakalin mai gida na share hawaye da hannu mai baƙin mai, na shiga ɗaki kamar dodo.

Kuɗin man Gwaggo zan rage daga wannan watan, yadda ya ce. Ragowar da kika ajiye ki saya mata tayoyin gaba.

Saura abu ɗaya. Na so in cinye shi in rama, har na ninke takardar, sai na sake buɗewa. Lokacin da nake ɗaura sabon filogi, na kai sifana tun bai zauna ba. Ya ji ƙarar ƙarfen, ya ce, "Auta, a hankali. Da yatsa ake fara ɗaurawa, na sha gaya miki." Na ajiye sifana, na ɗaura da yatsa. Da na gama na ƙarshe ya ce, "Yauwa Auta, hannun nan naki ya faɗa." Bai lura ba. Wallahi har cikin ƙirjina na ji zafinsa, kuma har yanzu da nake rubutawa bai gama sakina ba.

Ban gyara masa ba. Na ce, "To, Baba."

Yayarki,
Kwandasta